Tauraro a Aljihun Mai Aski

"A'a, Yaya, tsaya mana. Ai na ji ki. Ni ma hancin nan gare ni, ba don ado aka manna min shi a fuska ba."

Auta ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannayenta cikin ruwan wanke-wanke. Tana saurare, tana ta cuɗar kofi ɗaya kamar shi ya yi mata laifi.

"To in ce masa me? In ce barka da tashi, bakinka yana wari? Mutumin da muke zaune ɗaki ɗaya?... E. E, na san shagon ya zama kango. Ni nake dafa abin da shagon ya kawo, ai ni zan riga ki sani... To. Na ji. Zan san dabara."

Ta ajiye wayar a kan taga ta yi tsaki. Yayar mijinta ce, tana zaune a wani gari can, irin matan nan da ke gyara gidan kowa daga nesa. Abin haushin, wannan karon gaskiya ta faɗa.

Mijin Auta mai aski ne. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti: kujera ɗaya mai juyawa, benci, madubi da ya tsage a kusurwa, sai injin aski da almakashi da kwalbar sifirit jere a kan ɗan katako. Ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Rediyo ake ce masa, sai dai shi wannan ba shi da wurin kashewa. Askinsa bai fi na kowa ba, in za a faɗi gaskiya, wani lokacin ma sajen hagu yakan ɗara na dama. Labari mutane ke zuwa saye. Sai ya ɗaura maka mayafi a wuya, ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa naka, yana gyaran gemu yana ba ka labarin yadda mai fenti ya faɗa a bokitin hajarsa. Kai da ka zo da ɓacin rai sai ka tashi kana share hawayen dariya.

To bakin da ke kawo abincin, shi ne ya juya. Da farko ɗan bashi-bashi ne, Auta ta ce ko yunwa ce. Daga baya ya zama abin da in ya ce "Auta" daga bakin ƙofa, sai ta tuna tana da aiki a wani ɗakin. Ita tana da wani ɗakin da za ta gudu. Wanda aka ɗaure da mayafi a kujera, reza a maƙogwaro, ina zai je? Sai aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Wannan ya ce tara suma yake, wancan ya ce matarsa ta sayi inji. Mutumin da ya yi shekaru yana aski a wurinsa sai ya ratsa ta bayan layi don kada su haɗa ido.

Shi kuwa bawan Allah ya ɗora laifin a kan sabon shagon tsallaken titi.

"Talabijin ce, Auta," in ji shi, yana juya cokali a kofin shayi. "Mutanen yanzu sun fi son akwati ya yi musu magana. Akwai wani sito da ke neman mai gadi. In abin ya ci gaba haka, in mayar wa mai shago mabuɗinsa in je in zauna a ƙofar."

Auta ta dube shi. Rediyo a ƙofar sito, shi kaɗai da kujerar roba da buhunan siminti. Ai kafin wata ya zagayo sai a same shi yana ba kwaɗo labari.

Kuma ba rashin baki ne ya hana ta faɗa masa ba. Ta san kayanta. Shekarun baya in yana aski har 'yar waƙa yake yi, sai wani mai ƙaton kai ya ce masa cikin wasa muryarsa kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Ya yi dariya tare da kowa. Tun daga ranar bai sake rera ko rabin baiti ba, ko a banɗaki. Mutum ne mai yawan surutu da siririyar fata. In aka ce masa bakinsa ke korar jama'a, zai rufe shi ne ruf, ya jefar da mabuɗin.

Washegari ta ɗauki jaka ta shiga kasuwa, layin masu kayan ƙamshi, wurin wata tsohuwa da ke zaune tsakanin kwalabe da ƙananan buhuna, hancinta ya saba da atishawa har ya daina.

"Inna, wata maƙwabciyata ce ta aiko ni. Mijinta ne bakinsa yake ɗan... kin gane."

"Na gane," in ji tsohuwar. "Layinku Allah ya yi muku yawan maƙwabta marasa ƙafa. Kullum sai an aiko wata."

Ta zura hannu a kwalba ta zubo wani abu a tafin Auta. Busasshen ɗan itace ne, launin ƙasa-ƙasa, an yi shi tsaf kamar tauraro, kowane fiffike da ƙwaya mai sheƙi kwance a ciki. Ƙamshinsa zaƙi-zaƙi, da ɗan sanyi a can ƙarshe.

"Masu kantin magani yansun mai tauraro suke ce masa, mu dai tauraro muka sani. A jefa ɗaya a ruwan zafi a sha bayan abinci, yana kwantar da kumburin ciki, yana fitar da iska, yana sassauta tari. A ɓalli fiffike ɗaya a tsotsa, baki ya yi ƙamshi. Kada a cika, ba tuwon kowa ba ne. Kada a ba jariri ko ɗigo. Kuma kada maƙwabciyarki ta saya a hannun wanda ba ta sani ba, yana da wani ɗan'uwa mai kama da shi sak, shi kuwa guba ne."

"To, Inna."

"Ban gama ba, 'yar nan. Wannan rufe wari yake yi, ba ya tone shi. In abin daga haƙori ne, a kai bakin wurin masu haƙori."

Auta ta ce to. Amma kunnenta tun daga "baki ya yi ƙamshi" ya tashi daga aiki.

Saura yadda za a sa Rediyo ya sha maganin cutar da bai san yana da ita ba. Nan ma ta san kayanta. Mutum ne da ba ya iya ganin baki yana motsi nasa na zaune. Da suka gama cin abincin rana sai ta dafe ciki, ta ɗan yamutsa fuska, ta kawo kofi yana tururi da tauraro yana yawo a kai.

"Lafiya?"

"Cikina ne, Baban yara. Kwana biyun nan kumburi yake min, iska ta cika shi. Aka ce in riƙa shan wannan, in kuma tsotsa."

"Shi ne ba ki faɗa min ba? Mu gani." Ya karɓi kofin ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Ya ɓalli fiffike ya jefa a baki, ya lumshe ido. "Kai! Wannan ai ko lafiyayye ya sha. Ba ni kaɗan in sa a aljihu, in taya ki jinya."

Haka tauraro ya samu wurin zama a aljihun gaban rigarsa, kusa da mataji. Kuma abin ya yi aiki, kada a ci amanar tsohuwa. Mai gyaran waya ya leƙo aron tsintsiya, Rediyo ya tare shi da magana, ya ji wani ƙamshi ya bugo shi maimakon abin da ya saba, sai ga shi zaune a kujera. Labari ya zaga. Benci ya fara ɗumi. Aka daina zancen sito.

Abin da Auta ba ta lissafa ba shi ne, ta ba Rediyo labari sabo fil, kuma Rediyo ba ya ajiye labari ya kwana.

Ranar da ta fara ganewa, ta fito sayen sabulu ne. Mai fenti ya taso daga kan bencinsa har da ɗan rusunawa.

"Madam, ya jiki? Ya cikin? An ce iskar ta fara fita."

Ta tsaya kamar an dasa ta. "Da sauƙi," in ji ta.

"Alhamdu lillahi. Ai maigida ya yi mana bayani. Ya ce da can in kika juya a gado har labule sai ya motsa."

Ashe duk wanda ya zauna a kujerar nan sai an zaro masa tauraro daga aljihu an nuna masa, an lissafa masa amfaninsa, sannan a kawo hujja. Hujjar kuwa cikin Auta ne. Yadda yake kumbura kamar ganga, irin kukan da yake yi, yadda gyatsa ɗaya ta taɓa firgita kyanwar maƙwabta. Rabin abin ma ita ba ta faɗa ba, shi ya ƙara gishirinsa, don labari ba ya tafiya a bushe. Kuma ba da mugunta yake yi ba, har idonsa kan kawo ruwa in yana faɗin irin haƙurin da take da shi.

Kafin a ce haka, layin gaba ɗaya ya san cikinta fiye da fuskarta. Mata suna tare ta a bakin famfo suna tambayar guda nawa ake jefawa a kofi. In ta shiga motar haya aka ji wani abu ya tashi, sai ta ga idanu sun juyo kanta cikin tausayi. Yaya ta bugo waya daga garinsu, Auta ta saurara ta saurara, ta ce, "E, ni ce. Ni ce mai iskar. Ba ke kika ce in san dabara ba?" Ta kashe.

Ta shanye. In ta wuce ta gaban shagon ta hango shi ta gilashi, ya sunkuya a kan wani yana zuba, benci na ta dariya, sai ta ce a ranta, to, a yi ta yi da cikin, ai ba ya jin kunya, fuska ce ke ji.

Matsalar ita ce ba ta isa ta warke ba. In ta warke, jinya ta ƙare, tauraro ya bar aljihu. Sai ta ci gaba da dafe ciki bayan kowane abinci, tana shan ruwan tauraro har ta fara jin ƙamshinsa a zufarta.

Shi kuma a nasa ɓangaren wani abu yana tafiya. Ta lura ya koma tauna da gefe ɗaya. Ya daina shan ruwan sanyi. Wata rana ya ciji ƙwayar tauraro da gefen da ba daidai ba, ya daskare, hawaye ya cika masa ido.

"Mene ne?"

"Ba komai. Harshe na ciza."

Ƙarya yake, ta sani. Wannan mutum da ke wasa da reza a wuyan ƙarti, in ya ji an ambaci likitan haƙori sai ya tuna ana jiransa a wani wuri. Kuncinsa na dama ya ɗan tasa. Warin kuma ya dawo, ya bi ta ƙarƙashin ƙamshin ya fito, ya zama kamar an fesa turare a kwandon shara. Ya ƙara yawan abin da yake tsotsa, ita ta ƙara yawan abin da take dafawa. Benci ya fara sanyi kuma. Mai gyaran waya ya koma tara suma.

Maganar tsohuwar kasuwa, wadda kunnen Auta ya ƙi ɗauka, ashe ta samu wuri ta zauna tana jira.

Ana cikin haka wata safiya ya shigo ɗaki da rigar fita, ya ce ta shirya.

"Ina za mu?"

"Asibiti. Na rufe shago yau. Ciwon nan naki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ni hankalina ya kasa kwanciya. Jiya wani ya ba ni labarin matar wansa, ita ma da kumburi ta fara." Ya dube ta. "Ba zan zauna ina ba da labarinki ba alhali wani abu yana cin ki."

Ta ɗauki mayafi ta bi shi.

Ya yanka mata kati, suka zauna a dogon benci a baranda, cikin warin maganin goge ƙasa da kukan yara. Rediyo bai iya zaman jira shiru ba. Ya juya wurin wani dattijo mai sanda da ke gefensa, ya zaro tauraro, ya fara. Dattijon ya yi haƙuri iya haƙuri, ya ja da baya, ya ƙara ja, har ya kai ƙarshen benci, daga nan ya miƙe da kyar ya koma jikin bango ya tsaya a kan ƙafarsa mai ciwo. Wata mata a gabansu ta ja bakin gyalenta ta rufe hanci. Auta tana kallon komai. Ta ga mijinta ya bi dattijon da ido, ya dubi matar, sannan ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Kada ki damu, Auta," in ji shi. "Ba laifinki ba ne, lalura ce. In sun ga dama su tashi duka."

Ya ɗora hannu a kan nata. Wato shi a tunaninsa ita ce ta saki wani abu, kuma ga shi zaune daram a gefenta, yana kare ta daga duniya.

Nan abin ya karye mata. Ta ji ba za ta iya ƙara ko taku ɗaya a kan wannan hanyar ba.

"Taso," in ji ta.

Ta ja shi ƙarshen baranda, bayan wata tagar da ke kallon wurin ajiye motoci, inda ba kowa.

"Baban yara, cikina lafiyarsa ƙalau. Bai taɓa kumbura ba."

Ya dube ta bai gane ba.

"Bakinka ne. Haƙorin nan da kake ɓoyewa ya ruɓe, yana wari. Shi ya kori mutane daga shago, ba talabijin ba. Na rasa yadda zan faɗa maka, shi ne na ƙirƙiro ciwo don ka tsotsi abin nan."

Ta faɗe shi a tsaye, ba ta sa masa zuma ba, don ta san in ta tsaya neman zuma ba za ta ƙarasa ba.

Hannunsa ya tashi da kansa ya rufe bakin. Ta bayan yatsu ya yi magana, a hankali, kamar ba shi ba.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Mai fenti ya sani?"

"Ya sani."

"Mai gyaran waya? Yaya?"

"Duk mai hanci."

Ya juya ya kalli motoci. Can ya ce, "Duk abin nan da na yi ta faɗa a kanki. Labule. Kyanwa."

"Ka faɗa."

"Kina ji, ba ki ce komai ba."

"Shago ya cika ai."

Ya karɓi katin daga hannunta, ya koma wurin mai yankan kati, ya tsaya nesa da tagar yana magana a cikin tafin hannunsa, har sai da matar ta ce ya ɗaga murya. Aka nuna musu wata ƙofa a ƙarshen ginin. Ya tafi kamar mai zuwa karɓar hukunci, Auta na biye.

Likitar haƙorin wata 'yar siririya ce mai abin rufe hanci, ta leƙa bakin ta duba. Ta ce haƙoran turmi biyu ne suka tafi, ɗaya ya ruɓe ya shafa wa na kusa da shi, dasashin ya tara ruwa. Da an zo da wuri da an ceci na biyun. Ta ga abin da ya faɗo daga aljihunsa lokacin da ya kwanta, ta ɗauka ta shinshina.

"Wannan a shayi ba laifi, in ba a cika ba. Ni ma ina sha in ciki ya dame ni. Amma ba ya cike rami, Baba."

Aka cire biyun. Ya fito da auduga a baki da ƙullin magani a hannu.

Abin da Auta ta ji tsoro kuwa ya zo, bai yi latti ba. Kumburi ya saɓe, ciwo ya warke, wari ya tafi kamar ba a taɓa yi ba, amma Rediyo ya mutu. Ya sayo abin rufe hanci irin na likita ya ɗaura. Ya buɗe shago, ya share, ya zauna. Wanda ya shigo a yi masa aski tsaf, saje daidai da saje, ba a taɓa samun askinsa ya yi kyau haka ba, kuma ba abin da ake ji sai kukan inji. "Sunkuya." "Juyo." "An gama." Mutum ya biya ya fita yana waiwaye kamar ya baro gidan makoki. A gida ma haka. Ya ci abinci, ya ce an gode, ya kalli bango. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin daɗi. Zancen sito ya dawo, wannan karon a gajarce: ya ce ya je ya ga wurin, ba laifi, shiru ne.

Ta rasa abin yi. Dabara ta ƙare mata, kuma ta yi rantsuwa ba za ta sake ƙirƙiro wata ba.

Ranar da abin ya juya, ta kai masa abincin rana ne. Ta samu mai fenti a kujera, mayafi a wuya, mutum biyu a benci suna danna waya don shirun ya yi musu nauyi. Mai fenti ya hango ta a madubi, ya ga ga abin da zai fasa shirun da shi.

"A'a, Madam! Sannu da zuwa. Ya cikin namu? Har yanzu ana fama da iskar?"

Auta ta buɗe baki za ta ce da sauƙi, yadda ta saba. Sai inji ya mutu.

Rediyo ya tsaya da shi a hannu. Ya dubi matarsa tsaye da kwanon abinci, ta sunkuyar da kai tana shirin sake haɗiye abin da ba nata ba. Ya sa yatsa ya janye abin rufe hancin zuwa haɓa.

"Cikinta lafiya lau," in ji shi. "Bai taɓa ciwo ba. Bakina ne ke wari."

Na benci suka ɗago.

"Kuma kai ka sani, munafuki. Kai da ka ce min tara suma kake, kana da sanƙo tun daga goshi har ƙeya. Me za ka tara?" Wani ɗan fito ya kuɓuce ta giɓin haƙoran da aka cire, bai shirya masa ba. Ɗaya daga na benci ya tuntsire. "Dariya kake? Kai ba kai ne ka ce matarka ta sayi inji ba, na gan ka a tsallake an ɗaure ka kana kallon ƙwallo? Ƙarti guda nawa a layin nan, kowa da gemu, aka rasa mai cewa Rediyo je ka wanke rami. Sai mace ɗaya ta ɗauki tusar da ba ta yi ba ta yi ta yawo da ita a kai saboda ni."

"To ai kai ma reza ce a hannunka," in ji mai fenti daga cikin mayafi. "Wa zai faɗa wa mai reza gaskiya yana kwance?"

"Yanzu ma tana hannuna. Sunkuya in ba ka labarin likitar nan. Yarinya ƙarama kamar a hure ta, ta sa gwiwa a ƙirjina..."

Ba ta sa gwiwa a ƙirjinsa ba, Auta na wurin. Amma ta ajiye kwanon a kan katako, kusa da kwalbar sifirit, ta fita a hankali ba ta gyara masa ba. Har ta kai bakin famfo tana jiyo fiton giɓin da dariyar benci.

Ba a ce shagon ya koma yadda yake da ba, wasu sun riga sun saba da talabijin. Amma mabuɗi bai koma hannun mai shago ba, kuma labarin haƙori ya fi na ciki kasuwa nesa ba kusa ba. Kafin sati ya ƙare haƙoran sun zama huɗu, likitar ta zama su uku.

Labari ya isa garin Yaya, waya ta yi ƙara. Auta na tsinke zare a bakin rigar aikinsa, ta ɗauka ta maƙale a kafaɗa.

"Lafiya lau, Yaya... E, shi da bakinsa yake faɗa, ba wanda ya sa shi... Abin dariya kuma? Ai da ma da dariya muke ci... A'a. A'a, ban ce na yi daidai ba."

Muryar cikin wayar ta yi ta tashi tana sauka, ta daɗe tana yi. Auta ta ciji zaren ta tofar.

"Na ji, likita ma ta faɗa, da an je da wuri da ba a cire biyu ba. To bari mu raba, Yaya. Haƙori ɗaya nawa ne, na ɗauka. Ɗayan kuma ku san yadda za ku kasa shi, ke da sauran masu hanci."